Rakid

A ƙasan adakar Kawu Zakari,
ƙarƙashin jallabiyar da bai taɓa sawa ba,
muka tarar da ɗan littafin banki,
koren bango, ya sha mai, ya sha gumi,
an ɗaure shi da zaren buhun riɗi.

Shekara tara ke nan da ƙasar Gadarif ta rufe shi.
Ba wanda ya san da zancen,
har Inna Rumasa'u,
wadda ta san yawan furfurar gemunsa.

Na buɗe. Kowane layi kaka guda ce.
Ga shekarar da riɗi ya yi albarka, jinai ya hau kan jinai.
Ga shekarar da jan baki ya sauka a dawa,
layin wayam, kamar gonar.
Ga inda ya ciri ɗari biyu, makon sunana,
ashe daga nan ragona ya fito.
A shafin ƙarshe, da ajami, hannu na rawa:
"Na jirgin ruwa zuwa Jidda, ni da ita."

Na tafi da hantsi.
Yaron da ke taga, Mu'utasim, littafin ya girme shi.
Ya latsa na'ura, ya kurɓi shayi,
ya ce, "Hisabin nan rakid ne."

Na san kalmar.
Ita muke faɗa wa ruwan da ya tsaya bayan damina,
wanda ba ya zuwa, ba ya dawowa,
sai kainuwa ta rufe masa ido.

Ya ce umarni ne daga sama:
kuɗin da mai su ya daɗe bai gaishe su ba
ana kwashe su zuwa babban rumbu,
hukuma ta riƙe amana har ya zo.
Na ce ba zai zo ba.
Ya ce to, kawo takardar mutuwa,
da ta gado daga alƙali,
da lambar ɗan ƙasa, da shaidu biyu.

Kawu a gona ya faɗi, tsakanin kunya da kunya,
lauje a hannu.
Shaidunsa jaki ne da rana.
A littafi an rubuta Zakariya Adam,
a katinsa Zakari Adamu,
haruffa kaɗan sun raba mutum da guminsa.

Ranar da ya kawo su a ƙulle cikin hula
ba wanda ya nemi shaida.
Lokacin haraji kun san hanyar gonarsa,
kun san kwazazzabon da mota ke maƙalewa,
kun san har sunan karensa.
Da lokacin mayarwa ya yi
sai hanya ta ɓace muku, aka liƙa sanarwa a allo
ga mutanen da ke kwance a maƙabarta.

Mu'utasim ba mugu ba ne.
Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, ya ja takarda,
ya yi ta share sifiri, tun da kuɗin sun sake suna da fuska,
ya turo mini abin da ya saura.
Guzurin mutum biyu na ƙetare Bahar Maliya
yau ba zai cika kwanon sukari ba.
An ce barci ƙanin mutuwa ne.
Ban san haka yake ga kuɗi ba sai ranar.

Da magariba Inna tana gasa bunni a kasko.
Ban faɗa mata lissafin ba, ba ta kuma tambaya ba.
Ta ce, "Sake karanta mini layin ƙarshen nan."
Na karanta.
Ta ce, "Ni da ita ya ce?"
Bunnin ya ƙone, hayaƙi ya cika rumfa.
Ta karɓi littafin, ta mayar masa da zarensa,
ƙulli biyu, yadda shi yake yi,
ta tura shi ƙarƙashin matashinta.