Kek a Gwangwanin Madara

Ba ni da tanda irin ta birni.
Tukunyar ƙarfe ce, yashin bakin Nilu a gindinta,
garwashi a kan murfi,
sai gwangwanayen madara ashirin da huɗu
da na dirje har suka manta da shayi.

Kafin ladanin Maiurno ya gyara murya
na fasa ƙwai goma sha biyu.
Ɗaya ya zo bara-gurbi.
Na daɗe ina kallon ɓawonsa,
sumul, babu tsaga, babu tabo.

Ihlas tana da shekara huɗu a lokacin,
ƙafarta ba ta san zama ba.
Wata magariba fitila ta faɗa idonta na hagu,
na ga fari a tsakiyar baƙi
kamar idon kyanwa a bayan rumbu.
Gwaggo ta ce kambun baka ne.
Maƙwabta suka ce iska ce ta gifta.
Muka yi turare, muka ɗiga nono, muka jira.
Wata biyar.
Har yau ina ƙirga su
kamar wadda canjinta ya zube a kasuwa.

Ranar da muka isa Madani
likita ya cire tabarau ya riƙe a hannu.
Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.
Ya ce, "Da kun zo tun damina."
Ni da na san daji can bayan gari yake,
inda ake yo itace,
ashe yana tsirowa a idon yarinya.

An ɗauke idon.
An bar mini yarinyar.

Ga ta nan yanzu, ta tsuguna kusa da murhu,
ita ce mai barbaɗa riɗi.
Tana karkata kai don ta daidaita hannu,
rabi a kan kek, rabi a ƙasa,
kaji sun san ranar Juma'a.

Kowane kek da takardarsa a ƙarƙashi,
rubutun Malama Awadiya, Larabci sama, ajami ƙasa:
farin ɗigo a ido,
zazzaɓin da ya ƙi sauka,
ciki ya kumbura, yaro na ramewa,
kada a jira, a hau mota.

A bakin tasha muke ajiye faranti.
Mai rakasha ya sayi biyu, ya nemi ragi,
ya karanta takardar, ya ƙara fam ɗari.
Wani dattijo mai rawani ya dogara sanda ya ce,
"Yarinya, fulawa da sukari za su kashe daji?"
Na ce, "A'a, Baba.
Za su biya kuɗin mota zuwa Madani."
Domin na ga uwar Muzammil a ɗaki na uku,
ta sayar da akuya, ta sayar da gado,
allura ta biyar ta wuce shi
saboda babu na hanya.
Dattijon bai saya ba.
Ya ce haƙoransa sun yi sallama da zaƙi,
amma ya ninke takarda ɗaya ya sa a aljihu.

La'asar muka dawo da faranti fayau,
sai guda ɗaya da ya ƙone a gindi,
rabon mai riɗi ke nan.
Na zazzage jakar a kan tabarma.
Na mota uku, zuwa da dawowa,
na huɗun zuwa kawai.

Ina cikin ɗaure kuɗin da zare
aka yi sallama a ƙofa.
Mace ce, ban san ta ba,
ƙurar Sinnar har gwiwa, goyo a baya,
takardarmu a hannunta, maiƙo ya ratsa rubutun.
Ta kwance zani, ta juyo da shi gaba.
Ta ce, "Ke ce mai kek?
Kawo fitila."