La'ada

Ubana Nomau dillalin raguna ne a kasuwar Lahadi ta Tawa.
Shekara talatin yana tsaye tsakanin mai igiya da mai aljihu.
Bai taɓa kiwon ko ɗan akuya ba,
amma da la'ada ya yi mana rufin kwano.

Ni kuwa da dare nake yaƙi.
In na rufe kantin magani, na ci tuwo,
sai in buɗe ordinata,
in shimfiɗa taswira mai gida-gida kamar saƙar zuma,
in tura bataliya uku su tsare wata gada
a ƙasar ƙanƙara da ban taɓa takawa ba.
Babu jini. Lissafi ne:
man tankoki, harsashi, laka,
kwana nawa kafin agaji ya iso.

Sabon wasa ya fito, ƙofa biyu gare shi.

Ta farko babbar rumfa ce a intanet,
wasanni rataye kamar atamfa.
Ka danna, ka biya, ya sauko.
In an yi masa gyara, kana barci zai iske ka.
Ranar rangwame abin jika ashirin ya koma shida,
har abokina Agali ya tara yaƙi arba'in
bai buga ko biyar ba.
Sai dai ragon da ka saya a can
a garken dillali yake kwana.
Bara da damina rezo ya yanke kwana huɗu,
na je buɗe wanda na biya da gumina,
aka ce sai na fara gaida mai rumfa.

Ta biyu ƙofar masu abin ce.
Su huɗu ne, in ji shafinsu, da kyanwa ɗaya.
Ba ragi, ba kyakyara.
Katina ya ƙi shiga sau uku.
Na zaɓi Nijar a jerin ƙasashe,
aka ce wace jiha, Kano ko Sakkwato?
Na rubuta musu da ɗan Ingilishin lekol, ina jin haushi.
Kwana biyu, wata mata ta amsa da kanta.
Ta ba da haƙuri, ta gyara,
ta ce ni ne na farko daga ƙasarmu,
ta kuma tambaya ko gadar da ke tsohon wasansu ta yi wuya da yawa.
Ta yi wuya.
Na faɗa mata.

Na kai wa tsoho maganar bayan la'asar.
Bai san wasa ba, amma ya san ciniki.
Ya ce, nawa mai rumfar ke cira?
Na ce, ana cewa uku cikin goma.
Ya ajiye kofin shayi a ƙasa.
Ya ce, wannan ya wuce dillali, magaji ne.
Ni jika guda nake karɓa a rago,
kuma in ya kwana da tari, ƙofata ake bugawa.

Na ji daɗi, na ɗauka na ci shari'a.
Sai ya gyara rawani ya ce,
su mutum huɗun, a ina ka fara jin labarinsu?

Na yi shiru.
A rumfar ne.

Bai ƙara ba. Ya tashi alwala.

Daren nan na biya jika ashirin da biyu a ƙofar masu shi.
Awa tara yana saukowa, kuran ya ɗauke sau biyu.
Na zuba shi a kile,
na rubuta lambarsa a bayan wani tsohon rasit,
na sa su a akwatin da takardar filina take.

Agali ya yi dariya har da tari.
Ya ce zai jira rangwame, ya sayi sarka wa matarsa da canjin.
Mai yiwuwa shi ke da gaskiya.

Ƙarfe biyu na dare, fanka ta tsaya,
jakin maƙwabci yana kuka,
bataliyata ta uku ba ta da mai,
kuma akwai gada a wannan ma.