Buhu Arba'in

Babana, Heriberto Barría, shekara talatin da ɗaya
yana dasa gidaje a ƙirjin tuddan Valparaíso,
inda titi ke miƙewa tsaye kamar tsani,
teku na kwance a ƙasa tana kallon kowa.
Lissafinsa kuwa a kwalin takalmi yake kwana:
rasit na rodi, na yashi, na man babbar mota,
wani da tabon kofi, wani da shatin yatsan siminti.

Ran da ruwan Yuni ya tsaga rufin ofis,
tawada ta bi ruwa, ta gangara tashar jiragen ruwa.
Na ce, Baba, mu kai lissafin nan gajimare.
Ya dubi sama, ya dube ni.
“Eulalia, magini da gajimare ba sa ga-maciji.
Shi ya jiƙa min kundi, shi kuma zan ba amana?
An ba kura ajiyar nama ke nan.”

Manhaja uku na gwada.

Ta farko don mai kanti aka ɗinka ta,
aljihu ɗaya gare ta.
Kuɗin katangar Playa Ancha da na benen Cerro Alegre
ta zuba su tukunya guda ta dama.
Araha ba ta ado.

Ta biyu ta zo da saurayi mai taye, Maximiliano,
baki kamar zuma, farashi a kan kowane kai,
har Nibaldo, shugaban leburori, sai an biya masa kujera,
shi da ban taɓa ganinsa a zaune ba.
Na ce, kashi biyar ɗin nan da mai gida ke riƙewa
sai bango ya ga damina bai tsage ba,
a wace kusurwa zan ajiye shi?
Ran da muka raba gari kuma,
za ku miƙo min kayana in tafi?
Ya ce zai kira ni.
Har yau.

Ta uku ba ta iya kwalliya ba.
Nibaldo ya hau da ita ƙololuwa, inda waya ke kurumcewa,
ya ɗauki hoton rasit da yatsa mai kanta,
ta riƙe a cikinta ba ta yar ba,
sai da ya sauko gangare ta tseguntar min.

Saura jarrabawa ɗaya.
Na shanya rasit ɗin bara a igiya kamar wanki,
waɗanda suka karantu na ɗura mata,
aikin ɗakin shan magani, da muka rantse an ci riba.
Ba ta yi kara ba, ta ja jan layi:
siminti buhu arba'in ya bar shago
bai isa jikin bango ba.

Na juya masa allon.
Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga,
ya daɗe yana gogewa.

“Kin tuna gobarar bayan tudu?
Fresia da jikokinta uku
suna kwana ƙarƙashin fallen kwano ɗaya.
Rubuta asara.”
Na ce ba asara ba ce.
“To rubuta sata. Ga ɓarawon a gabanki.”

A can ƙasan shafi akwai ɗan gurbi fari
inda mutum ke raɗa wa layi sunan da ya so.
Na rubuta: Fresia.
Jan layin ya huce.
Ita na zaɓa.

Kwalin takalmin na nan bisa kanta,
takarda ɗaya tak a ciki, kalmar sirri,
da rubutunsa mai kama da ƙusoshin da suka lanƙwashe.
Kowace safiya kafin a zuba kankare
yakan fita ya ɗaga kai, hannu a ƙugu.
Da can ruwa yake dubawa.
Yanzu Nibaldo ya ce ya ji shi yana gunaguni:
“Kai na sama, ka riƙe min da kyau,
na san nawa ne.”