Sauti Huɗu a Kakuri

Baba Dogara ya ce huɗu ne kawai,
sauti huɗu da ɗan shiru a tsakani.
Na yi dariya. Ni da nake kwance janareta da hantsi
in ɗaure shi kafin la'asar,
huɗu ne za su gagare ni?

Wata na bakwai ke nan.

Ɗakinsa na bayan tsohuwar masaƙa,
inda ciyawa ta kere ƙofar shiga.
Da can, in ji shi, daren albashi
ma'aikata kan cika kulob har baranda,
shi yana baya, gefen mai ganga,
ba mai kallonsa,
alhali a kan yatsunsa kowa ke taka rawa.

Jitar bes ɗin ta girme ni.
Wuyanta dogo, gaɓoɓinta nesa da juna.
Manuni na kan ta farko,
autan yatsu an aike shi ta huɗu.
Yaron da ko bokiti bai taɓa ɗauka ba,
yau an ce ya danne tsirkiya mai kaurin wayar birki.
Yana zuwa a makare, yana rawar jiki,
sautin ya fito kamar ƙuda a gwangwani.

Wannan ma mai sauƙi ne.
Ka bugi ɗaya, sauran ukun su hau gunaguni,
sai ka bi su da gefen tafi kana rarrashi.
Baba ya ce, "Rabin aikin nan
rufe bakin wanda ba a tambaya ba ne."

Sai na ukun, mugun.
Ba ya sauka tare da ƙafa.
Ƙafa na sama, ba ta kai ƙasa ba, nan yake kutsowa,
kamar ɗan acaɓa da ya hango rata
tsakanin tirela biyu a kan gada.
In ka jira shi, ya wuce.
In ka tarbe shi, ka riga shi.
Na ƙirga da baki, na ƙirga da kai,
na ƙirga a bas daga Sabo har gareji,
kwandasta na tambayata ko lafiya.

Bororo ya fashe, ya zama kanta.
Sifana ba ta yi mini haka ba.

Shirun kuma fa?
Bai kai ƙiftawar ido ba, amma sai an riƙe shi.
Hannuna na tsoron wurin da babu komai,
yana sauri ya cike shi,
Baba ya buga benci: "Wa ya aike ka?"

Ko ka samu duka, ba a gama ba.
Sau ɗari za ka maimaita, na ɗari kamar na fari,
damtse na ci da wuta,
zuciya ta sulale ta tafi wajen kuɗin haya,
ta dawo ta tarar ka gudu ka bar mai ganga.

Shi yanzu ba ya iya nuna mini.
Sanyin ƙashi ya tanƙware yatsun.
Da baki yake yi, dum, dum, ya haɗiye, dum,
idonsa a rufe.

Daren Talata aka ɗauke wuta.
Lasifika ta mutu, ya ce ci gaba.
Ban ƙara jin sautin da kunne ba,
katakon ne ke magana da haƙarƙarina.
Na daina ƙirga, don ba na ganin komai.
Can sai na ji, ta taga,
matsamin Saratu mai awara na bugun bakin kasko
daidai inda na ukun ke faɗowa.
Zagaye biyar, ko shida.

Na ce a raina, ai ga shi!
Nan take ya kuɓuce.

Baba ya yi tari, ya laluba tocila.
"Ka ji shi?"
Na ce na ji.
"To. Sake."