Jirgin da Ba Ya Zuwa Ko'ina

Ƙanena Kiyari ya aiko da hoto
daga wani tsibiri mai suna da nauyi a baki.
Ruwa gaba, ruwa baya,
shuɗi kamar an kifar da marina a kansa.
Ga jirage farare ƙal, ɗaure a jere
kamar raguna a turke ana jibi Salla.

Ya ce, Yaya, bara arba'in nake wankewa,
bana sun haura ɗari, har an ƙara gina matsaya.
Na ce, masunta ne?
Ya ce a'a.
Fatake?
A'a.
To ina suke zuwa?
Ya yi ta dariya har kuɗin wayarsa suka ƙare.
Washegari ya rubuto: shan iska.

Ni ga-ruwa ne a Garin Malam,
jarka goma a kura, hawa da gangara tsakanin duwatsu.
Na san nauyin ruwa a ƙashin baya,
na san tsadarsa a tsakiyar bazara
sa'ad da famfo ke tari, ba ya tofar da komai.
Amma a biya kuɗi don a zauna bisa ruwa
ba a sha ba, ba a ɗiba ba,
wannan ban taɓa ji ba a Damagaram.

Sai damina ta yi kyau.
Tabkin bayan gari ya cika har ya haɗiye hanyar jakai.
Na tsaya a bakinsa, hoton nan na yi mini ƙaiƙayi a aljihu.

Ganga huɗu na saya wurin mai man gyaɗa,
Ɗan Jimma mai walda ya haɗa su yana girgiza kai.
Katako kuwa, tsohuwar ƙofar shagon babanmu.
Fenti ragowar na masallaci ne, kore, bai ma isa ba,
gefe ɗaya ya zauna da tsatsarsa.
Gwamma ta leƙo daga madafa ta ce,
Malam, ruwa ba sa'an kwando ba ne.
Na ce, ai ganga ce.

Dala ashirin, a kai ka tsakiya a maido ka.
Mushe Ilu, da ya bar lakwal tuni, shi ya fara shiga,
takalmansa a hammata, bakinsa cike da addu'a.
Sai ƴan mata masu ɗaukar hoto,
sai wani soja da ya riƙe rigata gam
ya ce kada in faɗa wa kowa.

Ran wata Laraba Ya Falmata ta zo,
wadda shekara sha biyu ina zuba mata ruwa a randa
tana ƙirga jarka da ido.
Da muka kai tsakiya ta ce, ajiye gorar.
Ta tsoma hannu har gwiwa, ta yi shiru,
belbela biyu suka wuce ta kanmu.
Can ta ce, tun ina yarinya ni ke ɗaukarsa a kai,
yau ga shi ya ɗauke ni.
Na ƙi karɓar kuɗinta. Ta jefa su cikin jirgin.

Kafin a yanke gero mun zama mu uku a tabkin,
har da wani yaro mai tayar kamiyo
da ke karya mana farashi.

Yanzu ruwan ya janye.
Jirgin na zaune bisa laka mai tsagewa,
awaki na hawa su duba ƙasa kamar masu gari.
Na koma kurata. Na aika wa Kiyari hotonsa haka.

Ya daɗe bai amsa ba.
Da dare ya rubuto:
Yaya, shekara biyar ina goge su,
ban taɓa wuce inda igiya ta tsaya ba.
In damina ta dawo, ka ajiye mini wuri.