Lanƙwasa

Shekara sha tara ina riƙe da alli a Bunza,
ina faɗa, suna maimaitawa,
rufin kwano na amsa mana.
Na ɗauka ƙara ita ce karatu.

Sai aka kira mu Birnin Kebbi, mako biyu.
Malama Kuluwa ta baje takardun bincike:
an zauna da yara ɗai-ɗai, minti guda kowa,
da yawa ba su haye layin farko ba.
Na leƙa jadawalin
kamar mai neman sunansa a littafin bashi.

Ta ce, "Kunne kafin ido.
A ji kalma, a yanka ta gaɓa-gaɓa,
kana a ba ta baƙi da wasali."
Muka dafa maƙogwaro, mu da furfurarmu,
ka, ƙa, ka, ƙa,
har dariya ta kuɓuce wa Malam Tanko.

Ran Litinin Shafa'atu ta rubuta kafa.
Da can jan biro ke amsa mata.
Na ce, "Faɗe ta, ki saurari kanki."
Ta faɗa. Ta yi jim.
Ta lanƙwasa wa harafin kai.

Ƙafa ta miƙe,
ta taka zuwa kalma ta gaba.