Kwalba Mai Lamba Arba'in da Bakwai

Talata da Juma'a nake hawa jirgin ƙasa
daga Matosinhos, da ƙarnin kifi a farcena,
in miƙa wa Dona Graciete kofin fitsari
kamar yaro mai miƙa takardar jarrabawa.

Tun ranar farko likita bai ɓoye mini ba:
"Anselmo, hodar iblis ba ta da tabbataccen magani tukuna.
Gwaji muke yi.
Rabinku za su sha magani, rabi su sha gari,
ni kaina ban san wanne ke cikin kwalbarka ba."
Na yi dariya har da tari.
Shekara tara ina sayen farin gari a lungu
ban taɓa sanin me aka cuɗa a ciki ba,
sai yau zan tsaya tambaya?

Ƙwaya ɗaya da asuba, kafin masunta su dawo.
Da baƙin kofi nake kora ta, a tsaye.

Mako na uku na faɗi.
Ranar albashi ce. Valdemar ya kira sau biyu,
a na uku na ɗauka.
Dona Graciete ko gira ba ta ɗaga ba,
ta rubuta, ta ce, "Ka dai zo. Sai Talata."
Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Sha'awar ba ta mutu ba, kar in yi ƙarya.
A da karya ce mai tsinka igiya,
yanzu tana kwance a bakin ƙofa
tana bina da ido ɗaya.
Ko ƙwayar ce ta kwantar da ita,
ko gajiya, ko muryar 'yata Leonor
da ta fara amsa wayata ran Lahadi,
ban sani ba.

Hancina ya daina jini.
Jiya ƙamshin gasasshen kifi ya tare ni a hanya,
na tsaya sororo kamar baƙo a garinmu.

An ce bayan wata shida za a buɗe ambulan
a gaya wa kowa abin da ya sha.
Wani daren ina ɗokin sani,
wani daren tsoro nake ji:
in magani ne, yaya zan yi ran da kwalba ta ƙare?
In gari ne,
to wa ya yi kwana hamsin da ɗayan nan?

Gobe Talata.
Na danne kuɗin jirgi da kwalbar.